Ɓeran da Ba Shi da Haƙori: Makonni Shida a Tokiyo

Wankan iska aka fara yi mini kafin a bar ni in ga ɓera ko ɗaya. Na cire takalmina a ƙofar farko, na sa wani a ta biyu, na zura farar riga mai haɗe da wando, na ɗora hula da takunkumi da safar hannu biyu, ɗaya kan ɗaya. Sannan aka tura ni cikin wani ɗan ɗaki kamar akwati, ƙofa ta rufe, iska ta taso mini ta kowace kusurwa tana kakkaɓe ni. Ba ni ake karewa daga ɓeraye ba. Su ake karewa daga gare ni.

Kwanana uku ke nan a Tokiyo. Na sauka a filin jirgin Narita da kaka, na hau jirgin ƙasa zuwa Ueno, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, kuma har ranar da nake ba da labari barcina bai san dare daga rana ba. Horon makonni shida ya kawo ni, a wani ɗakin bincike da ke nazarin ƙashi. Kafin mu yi nisa, mai karatu ya lura da lanƙwasar da ke kan harafin farko na wannan kalma, domin in ta faɗi, labarin ya koma wani abu daban.

Mai kula da ɓerayen wata dattijuwa ce 'yar siririya, Turancinta bai wuce kalma ashirin ba, Japanancina kuma bai kai biyar ba. Ta jawo wani keji daga kan kanta, ta ɗauko ɓera ɗaya, ta riƙe fatar ƙeyarsa da yatsu biyu, ta ɗan buɗe bakinsa ta nuna mini. Fayau. Babu haƙori ko ɗaya. Dabbar da duk duniya ta santa da gwaguya, ga ta da dasashi kamar jinjiri. Ya fi 'yan'uwansa ƙanƙanta, fuskarsa a dunƙule. A ƙasan kejin akwai wani ɗan kasko da aka dama masa abinci ya yi laushi, tunda ba ya iya tauna irin na sauran.

Na san labarin wannan ɓera a takarda, amma gani ya kori ji. An cire masa ƙwayar gado guda ɗaya tak, wadda ke ba da umarnin yin wani furotin mai suna RANKL. Ba shi da wannan furotin, don haka ba shi da ƙwayoyin halittar da ke cin ƙashi, waɗanda masana ke kira ostiyokilas, ni kuwa zan kira su maciya ƙashi. Haƙoransa suna nan, a binne cikin muƙamuƙi. Haƙori ba ya fasa ƙashi da ƙarfinsa ya fito, sai maciya ƙashi sun share masa hanya. Da babu mai sharewa, sai ya zauna a ciki.

Gaskiya da na taso, kallon gara nake yi wa waɗannan ƙwayoyin. A aji ma haka nake kwatanta su: gara ta shiga azara, waje lafiya lau, ciki rami, ranar da aka jingina sai ta ɓalle. Kwatancen bai yi ƙarya ba in ana maganar zaizayar ƙashi, ciwon da ke sa tsohuwa ta zame a banɗaki ta karya kwatangwalo. Amma ga ɓeran da babu gara ko ɗaya a jikinsa, kuma ba lafiya ya samu ba. Ƙashinsa ya cushe kamar dutse, kogon ɓargo ya toshe, har sai da saifa ta karɓi aikin yin jini. Mutanen da ke da irin wannan lalura, ƙashinsu ya fi na kowa fari a hoto, amma yana karyewa kamar alli, domin tsohon ƙashi da ƙananan tsagogin da ke cikinsa ba su samun mai rushe su a sake gini.

Shugaban ɗakin, wanda kowa ke kira Sensei, wato malam, sun ba ni awa guda a ofishinsu da yammacin ranar. Mutum ne mai magana a hankali, alƙalamin allo kuma ba ya barin hannunsu. Suka zana da'ira biyu. Ɗaya magina, masu zuba sabon ƙashi. Ɗaya maciya. Suka ce a jikin babban mutum ana sabunta kimanin kashi 10 cikin ɗari na ƙasusuwa kowace shekara. Rushewar wuri ɗaya tana ɗaukar makonni biyu zuwa huɗu, cike gurbin kuwa watanni. Suka dube ni ta saman tabarau suka ce, "Ka ga matsalar? Rushewa gudu take yi, gini tafiya yake yi. In aka buɗe wuraren aiki da yawa lokaci guda, magina ba za su taɓa cim musu ba."

Tambayar da ta cinye wa masana shekaru sama da ɗari ita ce: wa ke ba maciya izinin fara aiki? Albert Kölliker ne ya raɗa musu suna a Jamus a 1873, amma ko daga ina suke fitowa an daɗe ana gardama. A shekarun 1970 wani masani a Amurka, Donald Walker, ya ɗinke ɓera mai cushewar ƙashi da ɗan'uwansa lafiyayye gefe da gefe, har jininsu ya haɗu, sai mara lafiyar ya warke. Daga baya ya yi dashen ɓargo da saifa, ya sami sakamako iri ɗaya. Ashe maciya ƙashi 'ya'yan jini ne, dangin fararen ƙwayoyin da ke haɗiye ƙwayoyin cuta. A 1981 Gideon Rodan da Jack Martin suka kawo hasashen da a lokacin ya yi kama da wasa: magina da kansu ne ke kiran masu rushewa.

Daga nan labarin ya shigo Tokiyo, kuma na ga yadda muryar Sensei ta sauya. A 1988, a ɗakin binciken Tatsuo Suda na Jami'ar Showa, Naoyuki Takahashi da abokan aikinsa suka haɗa magina da ƙwayoyin saifar ɓera a faranti guda, suka zuba bitamin D, sai maciya ƙashi suka bayyana. In an raba ɓangarorin biyu da matata, ba sa taɓa juna, babu abin da ke faruwa. Ke nan akwai wani saƙo a fatar magini da sai an goga kafaɗa ake karɓarsa. Suka ba shi suna tun ba su gan shi ba, suka shekara goma suna nema.

Abin da ya ba ni dariya shi ne wanda ya taimaka aka kama shi: kamfanin madara. Masu binciken Snow Brand a lardin Tochigi sun gano wani furotin mai hana maciya ƙashi fitowa a 1997, a shekarar da kamfanin Amgen na Kalifoniya ya gano shi ta wata hanya daban ya kira shi OPG. Da wannan furotin ƙungiyoyin biyu suka yi ƙugiya, a 1998 suka kamo abin da yake maƙalewa. Sai aka duba aka ga ashe masu binciken garkuwar jiki a Amurka sun riga sun gano furotin ɗin shekara guda kafin nan, ba tare da sun san yana da alaƙa da ƙashi ba. Abu ɗaya, ƙungiyoyi huɗu, suna huɗu. RANKL ne sunan da ya rayu.

Tsarin, in an tuɓe masa manyan kalmomi, bai fi ƙarfin kowa ba. RANKL kira ne. A fatar jaririn maci ƙashi akwai kunnen da ke jin wannan kira, sunansa RANK. OPG kuma ɗan tare hanya ne, yana yawo yana cafke kiran kafin ya isa kunne. Yawan kira da yawan masu tarewa, su ne ma'aunin. An gwada kowane ɓangare a kan ɓera. A 1998 aka cire OPG, sai ƙashin ɓerayen ya zaizaye tun suna matasa, suna karyewa, har jijiyoyin jininsu suka fara sandarewa da kalsiyam. A 1999 ƙungiyar Josef Penninger a Toronto ta cire RANKL, aka sami irin ɓeran da dattijuwa ta nuna mini. Kuma ba haƙori kaɗai ya rasa ba: ba shi da kaluluwa ko ɗaya a jikinsa, macen kuma in ta haihu nononta ba ya kawo ruwa. Kira guda, ƙashi na ji, garkuwar jiki na ji, nono na ji.

Sauran makonnin a tsaye na yi su, gaban teburin aiki. Wata ɗaliba mai neman digiri na uku aka haɗa ni da ita, ƙaramar yarinya a ido, amma hannunta ba ya rawa. Ta koya mini ciro ƙashin cinya da na ƙwauri, ƙasusuwan da ba su kai tsinken ashana tsawo ba, a yanke bakin kowanne, a sa allura a wanko ɓargon cikin faranti. A fara ba ƙwayoyin wani furotin mai suna M-CSF, wanda ke raya su ya sa su hayayyafa. Muhimmancinsa ma ɓera ne ya tona shi, wani iri da aka samu da cushewar ƙashi tun daga haihuwa, aka gano a 1990 cewa wannan furotin ne ya lalace masa. Bayan kwana biyu zuwa uku sai a zuba RANKL, a mayar cikin akwatin ɗumi mai zafin digiri 37, a jira.

Karon farko ban sami komai ba. Laifina ne, na shuka ƙwayoyin a warwatse, kowace tana zaune ita kaɗai kamar baƙuwa. Ɗalibar ta leƙa madubin ƙara girman abu, ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce cikin ladabi, "Wataƙila suna jin kaɗaici." Na ɗauka zolaya ce, ashe bayani ne. Maci ƙashi ba ƙwaya ɗaya ba ce. Ƙwayoyi da yawa ne ke narkewa cikin juna su zama ƙato guda mai cibiyoyi barkatai, kuma ba za su narke ba sai sun sami juna kusa. A Jami'ar Keio, nan cikin birnin, aka nuna a 2005 cewa ɓeran da ya rasa furotin DC-STAMP ƙwayoyinsa suna jin kira, suna shiri, amma ba sa iya haɗewa, aikinsu kuma ya yi rauni.

Karo na biyu, ranar huɗu bayan RANKL, muka rina farantin. Akwai rinin da ke kama maciya ƙashi kaɗai ya mai da su ja mai ruwan shuni. Na sa ido a madubi, sai na ji na ce "Allahu Akbar" da ƙarfi har na kusa da ni ya waiwayo. Manya-manya ne, shimfiɗe kamar tabarma, kowanne da cibiyoyi jere a gefensa, wani goma, wani ya fi ashirin, ƙananan ƙwayoyin da ba su shiga ba suna kewaye da su kamar kaji gaban raƙumi. Ƙa'idar ƙirga ita ce mai cibiya uku zuwa sama. Na ƙirga har idona ya yi ruwa, ban gaji ba.

Yadda yake cin ƙashin ma abin kallo ne. Yana kifa kansa a kai kamar ƙoƙo, ya manne gefensa kaf, sannan ya tsiyaya asid a ƙarƙashinsa har tsamin wurin ya kai wajen 4.5 a ma'aunin tsami na pH. Asid ya narkar da ma'adinin, wani sinadari mai suna katefsin K ya yayyanka zaren da ya rage. In ya tashi sai ka ga ɗan rami. Mun ɗora su a kan siririn yanki na ƙashi, bayan kwanaki muka wanke, ga sawunsu nan kamar inda tsutsa ta bi ganye.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai wani dare ne da ɗalibar ta kira ni ɗakin duhu. Ta sa wa ƙwayoyin wani rini mai haske in kalsiyam ya ƙaru a cikinsu. A allon kwamfuta sai ga su suna ƙyaftawa, haske ya tashi, ya sauka, ya sake tashi, kowace da nata lokacin, kamar walƙiyar nesa a farkon damina. Ta ce wannan bugun shi ke tayar da NFATc1, furotin da Hiroshi Takayanagi ya nuna a 2002 a Jami'ar Tokiyo cewa shi ne madugun tafiyar. Kira ya isa kunne, wani furotin na ciki mai suna TRAF6 ya karɓa ya miƙa gaba, furotin c-Fos da wasu irinsa suka tashi, kalsiyam ya fara bugu, sai NFATc1 ya shiga cibiyar ƙwaya ya kunna duk abin da ake bukata na cin ƙashi. Har kansa yake ƙara kunnawa, shi ya sa in ya kama, ya kama. Ta ƙara da cewa RANKL shi kaɗai ba ya isa, sai wasu kunnuwa na gefe, irin waɗanda ƙwayoyin garkuwar jiki ke amfani da su, sun ce sun yarda. Na tsaya a duhu ina kallon ƙwayoyin ɓera suna shawara.

Wani abu kuma da ya gyara zanen Sensei na ranar farko, su da kansu suka kawo shi. A 2011 ƙungiyoyi biyu, ɗaya a Tokiyo ɗaya a Arkansas ta Amurka, suka nuna cewa a jikin babban ɓera yawancin kiran ba daga maginan da ke saman ƙashi yake fitowa ba. Daga tsofaffin magina ne da suka binne kansu cikin ginin, waɗanda su ne sama da kashi 90 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙashi. Suna zaune a ƙananan ɗakuna, sun miƙa siraran hannuwa suna taɓa juna, suna jin nauyi, suna jin tsagewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Zaizayar ƙashi kanta a mako na huɗu na gan ta. Ɓera ba ta yin irin yankewar al'ada ta mace, don haka tiyata ake yi a cire mata gidan ƙwai, sinadarin istirojin da gidan ƙwan ke samarwa ya faɗi. Wasu kuma a yanka a ɗinke ba a cire komai ba, don a sami abin gwadawa. Bayan makonni aka ɗauki hoton ƙashin cinyarsu da wata 'yar na'urar sikan, aka jera biyu a allo. Na farko cikinsa saƙa ce mai yawa kamar soso. Na biyu 'yan sanduna ne tsirara, wasu sun yanke a tsakiya ba su riƙe komai. Istirojin yana rage kira, yana ƙara masu tarewa, yana kuma gajarta ran maciya ƙashi. Da ya tafi sai kira ya yi yawa, su kuma su daɗe ba su mutu ba. Fuller Albright ya danganta karayar ƙashin mata da yankewar al'ada tun farkon shekarun 1940, amma sai da ɓeraye suka shigo aka ji kalmomin da ake faɗa a ciki.

Tun daga ranar idona ya sauya a jirgin ƙasa. A layin Yamanote, wanda ke zagaye birnin, akwai kujerun da aka ware wa tsofaffi a ƙarshen kowane tarago. Japan ƙasa ce da kusan kashi 29 cikin ɗari na mutanenta sun kai shekara 65. Sai in ga tsohuwa ta shigo, tsaf da ita, bayanta ya ranƙwafa har tana kallon ƙasa, tana tura ɗan keken sayayya. Ba ni da ikon cewa ga ciwonta. Amma na san ƙasusuwan gadon baya sukan lotsa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci ba tare da mai su ta ji wani zafi na a zo a gani ba, har tsayi ya ragu. Ƙiyasin da aka fi yawan ambatawa shi ne mace ɗaya cikin uku da namiji ɗaya cikin biyar, bayan shekara 50, za su sami karaya saboda zaizayar ƙashi.

Daga OPG aka kai ga magani. Denosumab allura ce mai yin aikin ɗan tare hanya, ana yin ta sau ɗaya a wata shida. A babban gwajin da aka buga a 2009, kan mata sama da 7,800, ta rage sabuwar karayar gadon baya da kashi 68 cikin ɗari, ta kwatangwalo da kashi 40. An amince da ita a Amurka da Turai a 2010, a Japan kuma a 2013. Shekara goma sha uku daga furotin zuwa asibiti, a wannan fage gudu ne.

Na faɗi haka a taron mako na ɗakin, ina yabon ɓera, sai wani matashin likita da ke zaune a baya ya ɗaga hannu. Ya ce in tuna maganin ba ya ma kama RANKL na ɓera, sai da aka ƙirƙiro ɓera mai ɗauke da guntun na mutum kafin a gwada shi a kansu. Ya ce ɓera a kan ƙafa huɗu yake tafiya, shekara biyu zuwa uku yake rayuwa, ɓawon ƙashinsa ba ya sabuntuwa ta ciki irin na mutum, kuma bai taɓa ganin ɓeran da ya zame ya karya kwatangwalo ba. Aka yi dariya. Ya ci gaba: in aka daina allurar kai tsaye ba a maye gurbinta da wani magani ba, maciya ƙashi sukan taso gaba ɗaya kamar an buɗe dam, wasu marasa lafiya su sami karaya da yawa a gadon baya. A jikin mutane aka koyi wannan. Ya kuma tuna mana odanakatib, maganin da aka yi don toshe katefsin K, wanda ya rage karaya sosai amma aka ajiye shi a 2016 saboda ya ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Na ji zafin gyaran a lokacin, amma da gaskiyarsa. Sensei ba su ce komai ba, murmushi kawai suka yi, na lura kuma sun rubuta wani abu.

Ranar hutu ɗaya na je Hongo, na tsaya gaban Jar Ƙofa ta Jami'ar Tokiyo, wadda aka gina a 1827, ganyen itatuwan ginko sun fara zama ruwan ɗorawa. Ban shiga ko'ina ba, na zagaya na dawo.

A makon ƙarshe aka ce kowa ya fito harabar baya da ƙarfe uku. Jami'o'in Japan da yawa suna yin taron tunawa da dabbobin gwaji sau ɗaya a shekara. Akwai wani dutse a tsaye ƙarƙashin bishiya, da rubutu a jikinsa. Malamai da ɗalibai suka jeru cikin baƙaƙen kaya, wani ya karanta adadin dabbobin da aka yi aiki da su a shekarar, iri-iri, ɓeraye ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Sannan kowa ya je ya ajiye farar fure. Ni na tsaya daga gefe ina kallo, ba wanda ya matsa mini. Na yi lissafi a zuciyata: takwas ne suka bi ta hannuna, biyu daga ciki a farantin da na ɓata.

Dattijuwar ce ta ƙarshe a layi. Ta ajiye furenta, ta daɗe a tsaye fiye da kowa, sannan ta dubi agogonta ta juya da sauri. Na bi ta don in yi mata sallama, tunda jibi zan tashi. Muka sake bi ta ƙofofin nan, takalmi, riga, wankan iska. Ta ɗauko kasko ta zuba ruwan ɗumi a kan abincin, ta miƙo mini cokali. Na dama, ta taɓa da yatsa, ta girgiza kai, ta ƙara ruwa kaɗan.